Tsofaffin nagatif ɗin hotunanmu na ruɓewa a Kudu: yadda za ka kwashe su zuwa kwamfuta a gida

Da wuya ka shiga gidan Bahaushen da ya daɗe a Fatakwal ko Anacha ko Inugu ka rasa wata tsohuwar ambulan ta mai hoto a ƙasan adaka. Hotunan da ke cikinta tuni an rabar da su: wani an aika Kano, wani amarya ta tafi da shi, wani yara sun yaga. Abin da ya rage shi ne 'yan siraran ledojin nan masu ruwan goro, wato nagatif, waɗanda in ka ɗaga su a haske za ka ga mutane fuska fari, farar riga kuma baƙa. Da yawanmu shara muke ɗaukarsu, alhali su ne uwar hoton. Na takarda kwafi ne kawai, kuma nagatif yana riƙe da abin da takardar ba ta taɓa nunawa ba, kamar aikin hula da rubutun allon shago da fuskar wanda ke tsaye can baya.

Matsalar ita ce yanayin Kudu ba ya raga wa fim. Wanda bai kwashe nasa zuwa kwamfuta yanzu ba, nan da 'yan shekaru zai buɗe ambulan ya tarar babu abin kwashewa. Aikin kuwa ana iya yin sa a ɗaki, da na'ura ɗaya da haƙuri.

Me ya sa hotunan mazauna Kudu suka fi tsada?

Zamanmu a nan ba na jiya ba ne. Tun da layin dogo ya haɗa Fatakwal da Inugu a 1916 saboda jigilar kwal, daga baya kuma ya zarce Arewa, fatake da 'yan shanu da malamai suke sauka suna kafa zango. A shekarun 1950 Malam Umaru Altine, Bafulatani daga ƙasar Sakkwato, shi ne magajin garin Inugu na farko. Sai dai a ƙarshen 1966 'yan Arewa suka bar Gabas cikin gaggawa, yaƙi ya biyo baya daga 1967 zuwa Janairun 1970, kuma wanda ke neman tsira da ransa ba ta kundin hoto yake ba. Shi ya sa duk wani fim da ya tsallake wannan lokaci ba na iyali ɗaya ba ne, tarihin unguwa ne baki ɗaya.

Galibin abin da ke hannunmu na bayan yaƙi ne, daga shekarun 1970 zuwa farkon shekarun 2000 da wayar salula ta kashe kasuwar masu hoto: bikin suna, saukar karatu, naɗin Sarkin Hausawa, dawowar alhazai, buɗe shago, kara da mahauta. Wuraren wankin fim kuwa kusan duk sun rufe. Kamfanin Kodak kansa sai da ya shiga kotu neman kariya daga masu bin sa bashi a Janairun 2012.

Don ka san darajar abin, dubi Solomon Alonge, mai hoton fadar Oba na Benin, wanda ya rasu a 1994. Saboda an adana nagatif ɗinsa, yau suna cibiyar Smithsonian a birnin Washington na Amurka, har aka yi baje kolinsu a 2014. Haka Seydou Keïta da Malick Sidibé na Bamako: masu hoton unguwa ne, nagatif ɗin da suka ƙi zubarwa ne ya kai sunansu duniya.

Abin da ke cin fim a Kudu

Na farko laima. Fuskar fim an shafe ta ne da wani siririn abu irin ƙaro da ake samu daga ƙashi da fatar dabbobi, a cikinsa hoton yake. Wannan abu abinci ne ga fumfuna, ita kuma fumfuna tana tashi da zarar danshin iska ya wuce kashi 65 cikin 100. A Fatakwal ruwan sama yana wuce milimita 2,000 a shekara, ninkin na Kano har da ƙari, kuma da damina danshin iska ya kan haura kashi 80. In ka ga wasu fararen zare-zare kamar saƙar gizo a jikin nagatif, to ta riga ta kama, kuma inda ta ci ba ya dawowa.

Na biyu zafi. Fim mai kala rini ne a jikinsa, zafi da danshi suna koɗar da rinin, shi ya sa tsofaffin hotuna ke komawa ja-ja ko ɗorawa-ɗorawa. Ajiye ambulan a saman silin ƙarƙashin kwano daidai yake da gasa ta a hankali.

Na uku, ledar fim ɗin kanta takan fara lalacewa. Alamarta warin tsami mai hawa hanci irin na binega, sannan fim ya riƙa lanƙwashewa yana tattarewa. Ba a iya tsayar da wannan ciwo, kuma tururinsa yana kama na kusa da shi. Wanda ya fara wari a ware shi daban, a fara kwashe shi kafin sauran.

Sai ambaliya da gobara. Ba mu manta 2012 da 2022 ba, lokacin da ruwa ya mamaye Ogbaru da gefen Anacha da yankin Ahoada da Omoku a jihar Ribas. Ga kuma baƙin hayaƙin da ya addabi Fatakwal tun ƙarshen 2016, wanda ke shiga har cikin akwati.

Fara sanin irin fim ɗin da ke hannunka

Wanda ya fi yawa shi ne mai faɗin milimita 35, mai huji-huji a gefe biyu. Kowane hoto a jikinsa milimita 24 ne da 36, nadi ɗaya kuma hoto 24 ko 36 yake ɗauka. Masu wanki sukan yanka shi huɗu-huɗu ko shida-shida.

Akwai babba da ake kira 120, faɗinsa wajen santimita 6, ba shi da huji. Shi tsofaffin masu situdiyo suka fi amfani da shi, kuma hotonsa ya fi fita tas. Akwai ɗan ƙarami mai lamba 110 da Kodak ya fito da shi a 1972 don kyamarar aljihu.

Sai silayid, wato fim ɗin da ke nuna hoto da kalarsa ta gaskiya, an saka kowane ɗaya a firam na kwali ko roba mai santimita 5 kowane gefe, ana haska shi a bango da majigi. Malaman makaranta da ma'aikatan kamfanoni da waɗanda suka yi karatu a waje su suka fi barin irinsa. Fitaccensa shi ne Kodachrome, wanda aka daina yi a 2009.

Gargaɗi ɗaya: fim ɗin da ya girmi farkon shekarun 1950 yana iya zama irin na da mai kama wuta kamar fetur. Duba gefensa. In an rubuta SAFETY, da sauƙi. In an rubuta NITRATE, ka nisanta shi daga risho da janareto da rana.

Wace na'ura ce ta dace?

Kada ka ɓata kuɗin mota zuwa shagon fotokwafi. Sikanar ofis daga ƙasa take haska takarda ta karanta hasken da ya dawo, shi kuwa fim dole haske ya ratsa shi ta baya. Abin da za a ba ka baƙin dunƙule ne kawai.

Na'urorin da ke wannan aiki iri uku ne.

Akwai 'yan ƙananan nan masu allo a jiki, irin Kodak Slide N Scan. Gaskiyarsu kyamara ce a cikin akwati. Suna da sauri, ba sa buƙatar kwamfuta, suna ajiyewa a katin memori. Sun isa in don turawa dangi a waya ne, amma wurin duhu a hoto yakan toshe, kuma lambar megafiksel da ke jikin kwali ba duka ce ta gaske ba.

Akwai sikanar da aka ƙera don fim kaɗai, kamar Plustek OpticFilm 8100 da 8200i. Wannan ita ta fi fitar da fim ɗin milimita 35 da silayid. Ana saka yanki mai hoto shida ko silayid huɗu a maƙalarsa, kana turawa da hannu ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ɗaukar babban fim. Bambancin 8200i shi ne tana da wani haske da ido ba ya gani, wanda ke gano ƙura da ƙarzuwa, manhaja ta goge su da kanta. A wannan layi akwai Nikon Coolscan, wadda masana ke yabo, amma an daɗe da daina ƙera ta, sai ta hannu. Wasu samfuranta ma da tsohuwar igiyar FireWire suke aiki, wadda kwamfutocin yanzu ba su da raminta, don haka a tambaya kafin a biya.

Na uku ita ce shimfiɗaɗɗiyar sikana mai fitila a murfi, kamar Epson Perfection V600 da V850. V600 tana ɗaukar hoto 12 na milimita 35 a tashi ɗaya, ko silayid huɗu, tana ɗaukar 120, sannan tana yin hotunan takarda da takardun fili da na makaranta. A ƙaramin fim ba ta kai Plustek kaifi ba, amma ga gidan da kayansa gauraye ne, ita ce a'ala.

Wanda zai nema ya tambaya a layin 'yan kwamfuta na Garrison da Ogbunabali a Fatakwal, ko Emeka Offor Plaza a Anacha, ko ya sa a duba masa Computer Village a Ikeja. Kuɗinta dala yake bi. In ta hannu ce, abu uku za ka tabbatar: maƙalan fim suna ciki, domin ba su na'urar ba ta da amfani, an gwada ta a gabanka da nagatif ɗinka, sannan ka karanta jikin cajarta. Wutarmu bolt 230 ce, kayan Amurka kuwa wasu na 120 ne kawai, kana jonawa sun ƙone.

Manhajar da ke tuƙa ta takan zo tare da ita. Plustek na zuwa da SilverFast, Epson na da tata. Akwai kuma VueScan, ta kuɗi ce, amma tana tayar da tsofaffin na'urorin da sabuwar Windows ta daina ganewa.

Yadda ake aikin

Zaɓi ɗakin da ba a girki a ciki, rufe taga, kashe fanka, shimfiɗa tsaftataccen farin ƙyalle a tebur. Wanke hannu ka busar. Fim a gefe ake riƙe shi, domin maiƙon yatsa yana zama a jikinsa har abada. Ƙura kuma da 'yar robar hura iska ake kore ta, ko burushi mai laushi sosai. Kada ka hura da baki, kada ka goga da bakin riga. Fim mai fumfuna kada ruwa ya taɓa shi, domin fuskarsa ta riga ta yi rauni, hoton zai narke ya bi ruwan. Sifirit ɗin kemis ma ba na wannan aiki ba ne, akwai ruwa a cikinsa. Ka kaɗe abin da ya kaɗu, ka yi sikanin a haka.

Fim yana da gefe mai sheƙi da gefe mara sheƙi. Bi zanen da ke jikin maƙalar. In hoto ya fito rubutun allon shago a juye, ko agogo ya koma ɗaya hannun, ka kifa shi ne, sai ka juya.

A manhaja ka gaya mata abin da ka saka: nagatif mai kala, baƙi da fari, ko silayid. Ita za ta juya kalar ta cire ruwan goron nan. Sai batun dpi, wato yawan ɗigon da na'ura ke karantawa a inci ɗaya. Ga fim ɗin milimita 35, dpi 2,400 na ba da hoto mai kusan megafiksel 8, wanda ya isa a wanke shi girman takardar A4. Dpi 3,200 kuma na ba da kusan megafiksel 14. Ko da an rubuta 6,400 ko 7,200 a kwali, gilashin waɗannan na'urori ba ya gani har can, fayil kawai zai kumbura, lokaci ya tafi. Babban fim na 120 dpi 1,600 zuwa 2,400 ya wadatar.

Mai goge ƙura ɗin nan a kunna shi ga fim mai kala. Amma a kashe shi ga baƙi da fari na asali, domin azurfar da ke jikinsa tana tare hasken, sai manhaja ta ɗauka fuskar mutum ce ƙura ta dame ta. Kodachrome ma yakan ba shi wahala, a gwada ɗaya tukuna.

Hotuna masu muhimmanci a ajiye su a tsarin TIFF, wanda ba ya rage komai. Ɗaya a dpi 3,200 yakan kai megabayit 40, ko 80 in an zaɓi zurfin kala mafi girma. Daga shi sai a fitar da JPEG mara nauyi don rabawa. Na asalin kada a taɓa shi. Manhajojin nan na waya da ke sa wa tsohon hoto kala ko su gyara fuska, ƙirƙira suke yi, sukan ba kakanka hancin da ba nasa ba. In za a yi wasa da su, a yi a kan kwafi.

Aikin yana cin lokaci. Hoto ɗaya da goge ƙura yakan ɗauki minti biyu zuwa huɗu, ka ga nadi mai 36 ya kusa awa biyu ke nan. Don haka ka fara ɗaga su a hasken farin allon waya ka tace. Fara da masu wari da masu fumfuna, sai mafi tsufa, sai waɗanda hotonsu na takarda ya ɓata. Kuma ka jona na'urar a UPS ko inbata, saboda in wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki sai an sake daga farko.

In ruwa ya riga ya shiga fa? Fim ɗin da ya jiƙe kuma ba shi da fumfuna, kada a bari ya bushe a manne da juna. A ɗauraye shi da ruwa mai tsafta mai sanyi, a rataye shi ta gefe a inuwa. Wanda ya bushe ya manne, kada a ɓamɓare shi da ƙarfi.

Hoto ba suna, rabin aiki ne

Nan ne da yawa ke tuntuɓe. Ka kwashe hoto dubu, bayan shekara ashirin babu wanda ya san su waye a ciki. Na'ura tana jira, amma Baba da Hajiya da suka san fuskokin ba za su jira mu ba. Duk nadin da ka gama, ɗauki waya ko kwamfutar ka je ka zauna gabansu: Baba, wane ne wannan a damanka? A ina aka ɗauka? Kafin a gina masallacin ne ko bayan? Rubuta amsar nan take, ko ka ɗauki muryarsu da izininsu.

Sunan fayil ya fara da shekara, sai gari, sai abin da ake yi, misali: 1984 Anacha bikin suna 07. In ba a tuna shekara ba, a kimanta da abin da aka sani, kamar zamanin Shagari ko shekarar canjin kuɗi. Sannan ka rubuta lamba ɗaya a ambulan da kuma jakar da ke kwamfuta, don a san wane daga wane.

A kula da mutunci kuma. A cikin nadin biki akwai hotunan mata a cikin gida, waɗanda yau matan aure ne ko kakanni, wasu sun rasu. Ba kowane ake ɗorawa a Facebook ba. A tambayi masu shi tukuna.

Ajiya bayan an gama

Kwafi uku ake so, a wurare daban-daban: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan ajiya na waje, ɗaya kuma nesa da gidan gaba ɗaya. Mu nan muna da sauƙin wannan, domin kullum mota na tashi zuwa gida. Ba ɗan uwa amintacce faifai ɗaya ya kai Arewa, ko ka ɗora a Google Drive, wanda ke ba da gigabayit 15 kyauta. Filashi kaɗai ba ma'ajiya ba ce, tana mutuwa ba sallama. In za ka tura ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, domin in ka tura a matsayin hoto yana matse shi ya rage masa kyau.

Nagatif ɗin kuma kada a zubar don an yi sikanin, domin na'urar gobe za ta fi ta yau. Cire roba da ƙusar takarda da aka ɗaure su da ita. Saka kowane yanki a rigarsa daban, ka zuba su a mazubi mai rufuwa gam, tare da 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ke zuwa a kwalin takalmi ko na magani, kana sauya su lokaci-lokaci. Masu warin tsami su ba a toshe su, ambulan ta takarda za a sa su, nesa da sauran. A ɗora a saman kanta a ɗakin da ya fi sanyi, ba a ƙasa ba, ba jikin bangon da ke tsattsafo ba, kuma nesa da kafur da turare.

Ba sai kowa ya sayi tasa ba

Gida ɗaya zai gama nasa cikin 'yan makonni, na'ura ta koma kwali. Abin da ya fi shi ne a yi karo-karo: ƙungiyar 'yan kasuwa, ko kwamitin masallaci, ko matasan unguwa su sayi ɗaya, a damƙa ta hannun yara biyu masu natsuwa da suka iya kwamfuta, kowane gida ya kawo nasa ya biya ɗan abin wuta da ladan aiki. Ga sana'a ta samu. Kuma a nemi tsofaffin masu hoton unguwa ko magadansu, domin a da sau da yawa mai hoto ne ke riƙe nagatif don a dawo a ƙara wanki. Buhu ɗaya a ɗakinsu yana iya ɗauke da fuskokin zango guda.

Hotunan da suka shafi jama'a, irin na sarakunan Hausawa da limamai da tsofaffin masallatai da kasuwanni, ya kamata a tara kwafinsu wuri ɗaya a fadar Sarkin Hausawa, a kuma yi tunanin kai wani ga Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da ke Inugu ko Arewa House a Kaduna. Duk ranar da aka ce mana baƙi ne mu na jiya, hoton kakanka a ƙofar shagonsa, da shekara a rubuce, ya fi dogon musu.

Kafin damina ta sake zagayowa, a buɗe adaka a shinshina ambulan. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.